Gangamau Ba Gyaɗa Ba Ne

Ku jingine fartanyun nan tukuna, ku zo ku zauna. Kunnena ne ya yi nauyi, ba hankalina ba. Na ji abin da kuke kitsawa tun jiya a ƙofar gida: wai wani mutum ya bugo muku waya daga Kano ya ce kurkum ya yi tsada, saboda haka gobe da sassafe za ku faɗa fadama ku tone nawa ku kai masa. Kurkum, iyayen iyayi! Mu da sunan gangamau muka san shi, kuma da sunan nan ya ciyar da ni, ya ciyar da iyayenku. Kai Sani, kai na ji kana cewa ai ba wani aiki ba ne, a tona, a wanke, a zuba a buhu. To madalla da gwani. Ganyen nan da kuka gani kore shar, an taɓa tone mini gangamau yana a haka sau ɗaya. Ku ji yadda aka yi, in ya so ku yi abin da kuka ga dama.

Aikin farko da Baba Tanko ya sa ni shi ne jan jigo. Baba Tanko ƙanin kakana ne, yana da 'yar fadama tsakanin ƙauyenmu da Gafasa, kuma a lokacin, bayan samun mulkin kai da kaɗan, shi kaɗai yake noman gangamau a yankin nan. Kowa gyaɗa ya sa a gaba, don ita ce mai kai mutum Makka. Ku ba ku san jigo ba, kun buɗe ido kun tarar da inji. Doguwar sanda ce a kan gwafa, an ɗaura mata curin laka a gindi, guga a baki. Ka danna ta cikin rijiya, ta ɗago maka ruwa, ka juye, ruwan ya bi fangali-fangali, wato 'yan gadajen shukan da aka yi wa iyaka da ƙasa. Gangamau da farkon damina ake binne shi, amma damina ba ta isarsa. Gero ya shigo gida, a cire gyaɗa, a yanke dawa, shi yana nan tsaye kamar bai ji an yi kaka ba. Sai ka ci gaba da shayar da shi da ƙarfin kafaɗarka har sanyi ya kankama. Na daɗe ina jan jigon nan kafin Baba ya yarda in taɓa fartanyar tono.

Wata rana na ga ganye ya bushe a fangalin ƙarshe, na ruga ina haki na ce, "Baba, ya nuna!" Ya zo ya duba, ya kama karan ya girgiza, ya ce, "Kai yaro, wannan ƙishirwa ce, ba nuna ba." Ya nuna mini yadda ganyen ƙishirwa yake bushewa daga baki, ya nannaɗe, karan yana tsaye ƙyam. Na nuna kuwa daga ƙasa yake fara rawaya, a hankali, har karan ya gaji ya kwanta da kansa ba wanda ya taɓa shi. A lokacin ne launin ya gama sauka cikin saiwa, fatarta ta yi kauri. Na ce na gane. Ya ce, "To madalla. Ƙishirwar kuma wa ya jawo ta?" Kafin in buɗe baki dundu ya sauka a bayana, na koma bakin jigo.

Tono ma ba tono irin naku ba ne. Nesa da gindi ake saran ƙasa, a ɗago curin gaba ɗaya, a warware da hannu. A ware uwa daban, 'ya'ya daban. Wanda za a bari iri ba ya ganin wuta, rami ake yi masa a inuwa, a rufe da yashi da toka har damina ta dawo. Sauran a dafa a tukunyar ƙasa, sai kumfa ya taso, ƙamshi ya cika gida, ka soka tsinken tsintsiya ya shige ba gardama. Ka wuce da shi ka kashe launi, ka sauke da wuri ya yi ƙwari a buhu. Daga nan a shanya a tabarma ana juyawa kullum, har ka karya ɗaya ka ji ƙas. Sannan a zuba a buhu a yi ta murzawa da ƙafa don ɓawon ya fita. Hannuna ba su taɓa rabuwa da rawaya ba a shekarun nan, in na miƙa wa baƙo hannu sai ya duba idona ko shawara ce take cina.

Masu sayenmu dukawa ne, masu aikin fata. Ja suna samu daga karan dafi, amma rawaya sai gangamau. Babban mai sayenmu Malam Isyaku ne, baduku da yake zuwa kasuwar Gaya, mai ɗinka gafakar Alƙur'ani da tumtum da kube. Mutumin nan ba ya duba buhu, ba ya sauraron rantsuwa. Zai ɗauki guda ya karya da haƙori, ya goga a guntuwar farar fata da ya jiƙa, ya ajiye ta a rana, ya ɓare goronsa ya ci a natse kai kana tsaye kana zufa. In ta bushe ya ɗauka ya murza da yatsa. In launin ya zauna ya ce a auna, in ya koɗe ya miƙa maka kayanka ya tambaye ka ya mutan gida. Irin da Baba Tanko yake nomawa jan-ciki muke ce masa. Ɗan siriri ne, ba shi da kyan gani, bai fi ɗan yatsa ba, amma ka karya shi ka ga cikinsa kamar gwaiduwar ƙwan zabo. Malam Isyaku bai taɓa mayar mana da shi ba. Da Baba ya kwanta ciwon ajali, fadamar da ramin irin ya bar mini, ya ce, "Garba, gona in ta tafi ana samun wata. Irin nan in ya tafi ban san inda za ka samo shi ba."

Sai ga Yaya Ilu. Ɗan wan babana ne, gonarsa tana jikin tawa, mutum mai kirki da yawan magana, wanda in ya je wuri sau ɗaya ya fi 'yan garin sanin garinsu. Ya je ci-rani kudu ya dawo da wani irin gangamau a ƙunshe cikin tsumma. Kai, ku ga abu! Kowane guda kamar dankali, ga tumbi, ga sheƙi. Nan take mutane suka raɗa masa suna Alhaji. Yaya ya shuka ya yawaita iri, ya riƙa yawo da guda ɗaya a aljihu, daga ƙofar masallaci zuwa wajen suna, yana ɗora shi kusa da nawa yana cewa, "Jama'a ku duba, wanne ne uba wanne ne ɗa?" Na karya Alhajin nan na ga cikinsa fari-fari, ruwa ya fi launi yawa. Na ce, "Yaya, ba girin-girin ba dai, ta yi mai." Ya ce hassada ce irin ta ƙanne. 'Yan maƙwabtan da suka taɓa karɓar jan-ciki a hannun Baba duk suka dafe nasu har da na iri, suka sayar, suka koma wa Alhaji, don shi da 'yan kunyoyi kaɗan ya cika buhu. Kafin ka ce kwabo, daga Kademi har Balan ba wanda ya rage da jan-ciki sai ni. Ba kuwa wanda ya taɓa kai Alhaji gaban baduku ko sau ɗaya, kowa yana ta tara iri yana lissafin kujerar Makka.

Shekarar da aka bar sule aka koma naira, ita ce shekarar fari. Ruwa ya ɗauke tun gero bai gama fitar da kai ba. Filani suna ta kaɗo dabbobi kasuwa suna bayarwa a wulaƙance, don gara a sayar da a ja mushe. Rijiyata ta ja baya, na shiga na ƙara mata zurfi, na ƙara wa guga igiya, ina jan jigo safe da yamma har kafaɗata ta daina jin ciwo, ta koma kamar ba tawa ba. Yaya Ilu kuwa ya shuka fiye da abin da rijiyarsa za ta ɗauka. Ana cire 'yar gyaɗar da aka samu, Alhaji ya nannaɗe ganye ya bushe daga baki, karansa a tsaye.

Ya same ni a bakin rijiya ya ce, "Garba, ranar kasuwar Gaya zan yi gayyar tono. A haɗa da naka ko?"

Na ce, "A'a Yaya, nawa bai nuna ba. Naka ma bai nuna ba, ƙishirwa ce."

"Ƙishirwar me? Ganye ya bushe, an cire gyaɗa. Abin da yake cikin ƙasa ai duk hukuncinsa ɗaya ne."

"Gangamau ba gyaɗa ba ne, Yaya. Ka bar shi sai sanyi."

Ya dube ni, ya dubi rigata da ta yage a kafaɗa, ya girgiza kai cikin tausayi ya ce, "Shi ke nan ƙanena, na gane." Wallahi bai gane komai ba. Shi a ransa, ba ni da hatsin da zan ciyar da 'yan gayya ne, kunya ta sa nake fakewa da bai nuna ba.

Ku 'yan yanzu gayya a baki kuka san ta. Mutum ya raba goro ya sa rana, samarin gari su fito da fartanyu, mai gangar noma yana zuga su, a yi masa aikin wata guda a wuni ɗaya, shi kuma ya cika su da abinci. A shekarar yunwa kuwa, mutum ya yanka akuya ya ce gayya, ai har gurgu sai ya zo. Ni na ƙi tsayawa in ga ana tone ɗanyen abu, na aika wa Yaya da uzuri, na hau jakina na tafi Gaya wajen Malam Isyaku. Na tarar da shi ransa a jagule. Ya nuna mini 'yan gwangwanayen galura, garin rinin nan na kanti, sun cika rumfunan kasuwa. Ya ce, "'Yan'uwana duk sun fara komawa can, ba dafawa ba daka, tsinke ɗaya ya rina fata. Ni dai zan jira ka zuwa sanyi, Malam Garba, amma kada ka ba ni kunya." Na ce da yardar Allah ba zan ba shi ba. Na sayi ɗan goro na kamo hanya.

Tun daga nesa na jiyo ganga, sai na ji kamar ba daga gonar Yaya take fitowa ba. Na zabga wa jakin nan sanda, bawan Allah bai san laifinsa ba. Ina isowa na ga abin da har yau in na tuna sai bakina ya yi ɗaci. Samari sun gama da gonar Yaya tun azahar, ganga ta hau musu kai, nama ya zauna a ciki, Yaya ya ce, "Ku tsallaka ku share wa ƙanena hawaye." Suka tsallaka. Fadamar Baba Tanko a kwance, an tone ta kamar an yi farautar gafiya. Kowa yana so a ce shi ne ya fi sauri, saboda haka tsakiyar gindi suke sara. An tara mini jan-cikina tsibi guda, rabi a datse, fatarsa tana saluɓewa in ka taɓa da yatsa, yana tsiyayar ruwa.

Mai ganga ya hango ni ya juya kiɗa kaina: "Ga mai gona nan! Garba na Tanko, kana kasuwa aikinka ya ƙare!" Samari suka ɗaga fartanyu suna ihu, kowa baki har kunne, yana jira in yaba. Yaya ya zo ya kama hannuna biyu ya ce, "Ba sai ka ce komai ba. Ɗan'uwa rabin jiki." To ku gaya mini, me zan ce? A garin nan ba a zagin gayya. Mutum ya zubar maka da guminsa kyauta, ko gidanka ya rushe maka godiya za ka yi, in ba haka ba ranar da za ka fita da gawa kai kaɗai za ka ɗauki makara. Na kwance goron da na sayo na miƙa wa mai ganga. Bakina yana Allah ya saka da alheri, cikina yana faɗin wani abu daban da ba zan maimaita a gaban jikoki ba.

Akwai wani Ɗanlami a garinmu, Allah ya jiƙansa. Tunda nake ban taɓa ganin gayyar da ta wuce shi ba, ban kuma taɓa ganin fartanyarsa da ƙasa a baki ba. Da tabarma yake zuwa. Ana sauke abinci shi ne na farko, ana gamawa ciwon ciki ya kama shi. Ranar ya nemi inuwa a gonar Yaya bai samu ba, komai ya ƙone, sai ya tsallako tawa tun kafin 'yan gayya, ya zaɓi fangalin bakin rijiya inda ganye ya fi laushi ƙasa ta fi sanyi, ya shimfiɗa tabarmarsa ya miƙe. Da suka iso kansa suka yi ta zungurinsa ya ƙi motsi, suka zage shi suka kewaye shi suka wuce. Ni ban san duk wannan ba a lokacin. Na dai nufi rijiya don in wanke fuskata kada a ga idona, sai na yi tuntuɓe da ƙafarsa.

Na ce, "Kai Ɗanlami, tashi ka ba ni wuri."

Ya ce, "Wayyo cikina! Garba ka ji tsoron Allah, ba ni da lafiya."

Na ɗaga gefen tabarmar don in janye ta, sai na ga kara a kwance a murƙushe, amma ƙasa ba ta fashe ba. Fangali guda cur, tsawon mutum da faɗin tabarma, ba fartanyar da ta taɓa shi. Ban gama sauke numfashi ba na ji wani saurayi daga baya yana cewa, "Af, ga saura can an bari! A tashe shi a ƙarasa!" Suka taso su da yawa, mai ganga yana binsu.

Na danne kafaɗar Ɗanlami na daka musu tsawa: "Ku bar shi! Mara lafiya ne! A ina kuka taɓa ganin an tashi mara lafiya?"

Suka tsaya cak. Tunda aka haifi Ɗanlami ba wanda ya taɓa gaskata ciwonsa sai ranar. Shi kansa ya buɗe ido ɗaya ya dube ni, ya ga da gaske nake, sai ya ƙara nishi har da shure-shure. Na cire hulata na zauna ina yi masa fifita, ina ce masa sannu, ina roƙonsa a hankali kada ya kuskura ya warke. Yaya Ilu ya ce, "Kun gani ko? Garba akwai tausayi." Haka muka zauna, ni da majinyacina, har gayya ta watse.

Abin da aka tone mini ba iri ba ne, ba kayan sayarwa ba. Na gwada mayar da wasu cikin ƙasa, suka ruɓe. Na dafa saura, suka motse suka koma kamar kashin ɓera, ko kaiwa kasuwa ban yi ba. Yaya kuwa ya yi wa Alhaji lodi a jakai har Gaya, da rakiyar maƙwabta. Malam Isyaku ya karya, ya goga, ya ajiye a rana, ya ci goronsa. Da fatar ta bushe ya juya ta gaba ya juya ta baya, ya ce, "Malam Ilu, a wane gefen na goga ne?" Daga nan ya tambaye shi ya mutan gida. Amma Yaya ba ya faɗuwa ƙasa. Mako bai zagayo ba ya shimfiɗa buhu a bakin kasuwa ya zama mai maganin shawara, yana rantsuwa daga kakansa ya gada. Kakanmu ɗaya da shi, mutumin nan ko ciwon kai bai iya magani ba.

Ni ne na je da kaina na gaya wa Malam Isyaku bana babu, baɗi ma da wuya. Wannan tafiyar ta fi jan jigo nauyi. Bai yi faɗa ba, ya ce Allah ya mayar da alheri, na ga ya aika an sayo masa gwangwanin galura. Fangalin nan guda na yi masa shinge da ƙaya, na ci gaba da ba shi ruwa har sanyi, sai da karan da ya sake tsirowa ya yi rawaya daga ƙasa ya kwanta da kansa. Da hannu na tone shi, ban dafa ko ƙwaya ba, duka ramin yashi ya tafi. Sai da damina ta zagayo ta sake zagayowa kafin in sami abin kaiwa kasuwa, lokacin kuwa dukawa sun riga sun saba da kanti, ba wanda ya waiwaye ni. Malam Isyaku kaɗai ya karya, ya goga, ya jira. Ya daɗe yana murza fatar nan da yatsa, sannan ya ce, "Tumtum da kube sun riga sun tafi wa galura. Amma gafaka, abin da za a sa Alƙur'ani a ciki, da wannan zan riƙa yi. A auna."

Yaya Ilu har ya koma ga Allah yana ba da labarin alherin da ya yi mini a shekarar fari, ni kuma ina cewa haka aka yi, Yaya. Ɗanlami kuwa duk shekara in na yi tono sai na aika masa da akushin tuwo da nama har gida, don kada ya wahala da zuwa. Da ya gane dalili sai ya riƙa faɗa a majalisa cewa a gayyar nan shi ya fi kowa aiki, kuma ba wanda ya isa ya ƙaryata shi. Duk jan-cikin da yake fadamar nan yau, har wanda mutumin Kano yake yi muku waya a kansa, daga ƙarƙashin tabarmarsa ya fito.

To ga fadama can, ga fartanyunku. Ganye dai kore ne, kun gani da idonku. In kun rantse sai kun tona gobe ba zan yi kokawa da ku ba, ƙarfina ya ƙare a jigo. Abu ɗaya nake roƙo: ku tafi da tabarma, ku zaɓi guda a cikinku ya kwanta mini a kan fangalin bakin rijiya, kada ya tashi sai sanyi. Tun ɗazu nake dubanku ɗaya bayan ɗaya, ba na jin za a sha wahalar samun wanda zai iya.